Kunkurun Teku Mai Bayan Fata

Kunkurun da muka sani a tudu shi ne mai ƙoƙon baya. To, a teku akwai wani babban wansa da ba shi da ƙoƙo, fata ce mai kauri ta lulluɓe bayansa. Wani da aka tsinta a gaɓar yankin Wales na Birtaniya a 1988 ya haura kilo 900, wato ya fi bijimin sa nauyi. Irin wannan kunkuru yana yawo a manyan tekunan duniya har zuwa ruwan sanyi na Kanada, amma uwar ba ta saka ƙwai sai a rairayin ƙasashe masu zafi.

Gaɓar Gabon, musamman Pongara da Mayumba, na cikin wuraren da suka fi tara waɗannan uwaye a duniya. Suna kuma fitowa a tsibirin Bioko da gaɓar Ghana. Da dare uwar ke jan ciki ta haƙa rami, ta zuba ƙwai ta binne, bayan kamar wata biyu su ƙyanƙyashe.

Abin da ya faru a Malesiya ya isa a tsaya a kansa. A shekarun 1950 ana samun ramukan ƙwai kimanin 10,000 a shekara a jihar Terengganu. Aka yi ta kwashe ƙwan ana kai wa kasuwa, kuma ba a ga illar nan take ba, domin tsofaffin uwayen sun ci gaba da zuwa shekara da shekaru. Da suka ƙare, ashe babu na baya. Yau da ƙyar ake ganin ko ɗaya.

A Gabon, gumaguman katakon da suka kuɓuce wa masu safara su ne ke tare wa uwar hanya a bakin ruwa. A cikin teku kuwa ga taru da ƙugiyoyin manyan jiragen kamun kifi, alhali ita sai ta ɗago ta sha iska.

Sai kuma leda. Abincin wannan kunkuru wata lallausar halitta ce mai sheƙi da ke lilo a ruwa, kuma ba ya bambance ta da leda. Idan ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Ledar da aka yar a magudanun Yamai ko Lokoja, Kogin Kwara na iya kai ta har tekun da kunkurun ke yawo.