Satar rubutu: Wadda na'ura ke gani da wadda ba ta gani

A duk ƙarshen zangon karatu, ɗalibai 'yan asalin Bodinga da Shagari da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantun Sakkwato kan shiga hidimar rubuta kundin kammala digiri.

A nan ne batun satar rubutu ke tasowa, kamar yadda yake a jami'o'in Najeriya baki ɗaya. Laifi ne da kan iya jawo wa ɗalibi soke kundinsa ko ma kora.

A shekarar 2021, kwamitin shugabannin jami'o'in ƙasar ya ƙaddamar da manhajar EagleScan domin gano irin wannan sata. Sai dai manhaja kalmomi take kwatantawa, don haka ta fi kama wanda ya kwafo shafi sukutum daga intanet.

Irin wannan ce ta kunyata fadar shugaban ƙasa a 2016, lokacin da aka gano jimlolin jawabin Barack Obama na 2008 a cikin wani jawabin Muhammadu Buhari.

Sauran nau'o'in sun fi wuyar sha'ani. Wani ɗalibin zai sauya kalmomin marubuci, ya bar tunaninsa yadda yake, bai ambaci sunansa ba. Wani zai ɗauko tsohon kundi daga wata jami'a, ya goge sunan garin da aka yi binciken, ya sa Shagari. Wani kuwa biya zai yi a rubuta masa, ko ya sa ChatGPT.

Wadda ta fi ɓuya ita ce ta fassara. Sakkwato cike take da littattafan Larabci da rubuce-rubucen ajami waɗanda ba a taɓa sa su a kwamfuta ba. Idan ɗalibi ya juya babi guda zuwa Turanci ya ce nasa ne, sai malamin da ya karanta littafin na asali ne kaɗai zai gane, shi ma idan yawan ɗaliban da yake dubawa ya bar shi.

Abin lura shi ne, ambaton madogara ba baƙon abu ba ne a yankin. A Sifawa da ke ƙaramar hukumar Bodinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna har zuwa 1815, ya rubuta littattafai yana kawo maganganun malamai irin su Almagili da Suyuɗi da sunayensu.

Ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna a Bodinga, littafi guda ya ware, Ida'un Nusukh, domin lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu.