Antena ga ta kusa, amma reso na yankewa cikin kasuwa

Duk mai rumfa a Katako ta Yamai ko Kasuwar Dole ta Damagaram ya san wannan: ana tsakiyar ciniki da mai kaya, sai murya ta ɗauke. Ka matsa taki ɗaya, ta dawo. Ga kuma dogon ƙarfen antena ana hango shi daga bakin kasuwa. Mu kan ce laifin salula ne, mu ɓata kuɗi wurin mai gyara.

Sau da yawa matsalar daga kasuwar take. Saƙon da salula ke aikawa yana dukan rufin kwano, ƙofofin ƙarfe da manyan motoci, ya karkasu, ya isa ga antena ta hanyoyi da dama. Wani kaso ya riga wani, in sun haɗu ko su ƙarfafa juna ko su kashe juna. A kan mita 900 megahaz da layukan GSM ke aiki, tsawon igiyar saƙon kamar santimita 33 ne, shi ya sa matsawa kaɗan ke canza komai.

Maganin da injiniyoyi suka daɗe da sani shi ne a ba tasha kunne biyu. Da can ana kafa antena biyu da tazarar kamar mita 3 tsakaninsu, don da wuya saƙo ya mutu wurin dukansu lokaci guda. Yanzu an fi sa su cikin farin akwati ɗaya, ɗaya a karkace dama, ɗaya hagu, digiri 45 kowace, saboda wuri a kan bene yana da tsada. Na'urar tasha ta ɗauki wanda ya fi kyau, ko ta haɗa biyun. Wannan ya fi amfanar muryarmu mai tafiya zuwa tasha, domin salular GSM ba ta wuce wat 2, tasha kuwa ta ninka ta ƙarfi nesa ba kusa ba. A 4G har salular kanta tana da kunnuwa biyu.

Sai dai kada a ruɗe mu. Kunne biyu ba ya maganin cunkoson ranar kasuwa, balle ɗaukewar wuta a tashar da ba ta da batir mai kyau. Wannan sai ƙarin tashoshi.

Tun da Celtel ta fara aiki a 2001, sunaye sun canza: yau Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms ke rabon kasuwar. Mu abin da ya dame mu shi ne inda ake auna aikinsu. Awon da aka yi cikin mota a kan kwalta ba ya nuna halin mai tumatir da ke ƙarƙashin kwano tana jiran saƙon kuɗinta. Muna kira ga ARCEP ta shiga da na'urorinta cikin layukan rumfuna, ranar da kasuwa ta cika, sannan ta bayyana sakamakon kowace kasuwa da sunanta.