Kimiyya A Sauƙaƙe: Makunnin Da Ke Cikin Jini

Duk wanda ya saba ratsa Taminus a garin Jos ya san masu tallar magani da lasifika, waɗanda ba sa rasa maganin amosanin jini, watau sikila. Dalilin cinikinsu a fili yake, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da wannan cuta a Nijeriya kowace shekara. To, amma tushen cutar yana can inda saiwa ba ta kaiwa.

Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana ɗauke da umarnin gado iri ɗaya. Abin da ya bambanta ƙwaƙwalwa da ɓargo shi ne waɗansu makunnai da ke warwatse a jikin zaren gadon, sau da yawa nesa da umarnin da suke zugawa. Zaren kan lanƙwaso har su haɗu, kuma kowane sashen jiki da makunnan da yake taɓawa.

Ga misali. Jariri yakan zo duniya da sinadarin jini irin na ɗan tayi, wanda ba ya lauje ƙwayoyin jini. Bayan haihuwa sai wani umarni mai suna BCL11A ya dakatar da shi, shi ya sa ciwon kan bayyana wajen wata shida. Kashe umarnin ɗungurungum haɗari ne, gama ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki suna bukatarsa. Cikin 2013 Daniel Bauer da Stuart Orkin na birnin Boston ta Amurka suka gano wani makunni a tsakiyar umarnin, wanda ba ya aiki sai a ƙwayoyin da ke zama jan jini. In an lalata shi kaɗai, jinin tayi ya dawo, sauran jiki kuwa ba abin da ya same shi.

A kan wannan aka gina maganin Casgevy, wanda Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba, bisa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum guda.

Wannan kuɗi ya fi ƙarfin talaka, mai lasifika kuwa ba shi da madadinsa. Abin da ke hannun jama'a shi ne gwajin jini kafin aure, domin idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya bisa huɗu. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.