"Ai tsufa ne": maganar da ke cutar da iyayenmu

1/ Daga Dutsin-Ma har Kurfi, da dattijo ya fara haki sai a ce "ai tsufa ne". Ni dai ban yarda ba. Ku biyo ni 🧵

2/ Aiki biyu zuciya ke yi: ta matse ta tura jini, sannan ta saki jini ya cika ta. Tsufa ya fi taɓa na biyun.

3/ A jikin matashi, zuciya na saki da sauri, yawancin jinin ya kwararo da kansa, ɗakin sama ya ƙarasa tura kusan kashi 20 cikin 100. Da shekaru, bangon yakan ɗan yi tauri kamar busasshiyar salka, sai nauyi ya ƙaru a kan ɗakin saman.

4/ Wannan fa ba ciwo ba ne. Tsoho mai lafiya zai je gona ya dawo ras.

5/ Masu tsananta taurin: hawan jini, ciwon suga, ƙiba, yawan zama.

6/ In Baba ba ya iya kwanciya sai ya jingina, ko ƙafar Inna na kumbura, maganar ta wuce tsufa. Asibiti kawai.

7/ Don Allah ku kai su a auna jini. In yana kai 140/90, a ga likita. A rage gishiri da magi.

8/ 'Yan FUDMA, a riƙa takawa, ba kullum acaɓa ba. Da wannan zuciyar za ku tsufa, in Allah Ya ba da rai.