Sunan Jami'a Ba Ya Duba Kundi

A azumin 2024, bayan la'asar, wani tsohon ɗalibina ya same ni a ofis riƙe da takardu uku a cikin leda. Ya gama digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, ya nemi gurbin digirin digirgir a wurare da dama, uku suka amsa. Ɗaya shahararriyar jami'a ce a Ingila, wadda ko mai shayin bakin tasha ya taɓa jin sunanta. Ta biyu jami'ar jiha ce a tsakiyar Amurka, a garin da sai da muka lalubo shi a taswirar waya. Ta uku cibiyar bincike ce a Jamus.

"Malam, a gida fa an riga an yanke hukunci," in ji shi. "Baba ya ce ta Ingila. Har ya gaya wa abokansa a masallaci."

Na ce to, Allah ya saka wa Baba da alheri, amma miƙo takardun mu karanta su daga ƙasa zuwa sama. Tambarin da ke saman takarda kowa yana ganinsa. Abin da zai ciyar da kai yana can ƙasa, cikin ƙananan haruffa.

Ta Ingilar gurbi kawai ta bayar, ba ko kwabo. Kuɗin makaranta na ɗalibin waje a wasiƙarsa ya kusa fam dubu 30 a shekara, a lokacin da fam ɗaya ke neman naira 2,000. Wato kusan naira miliyan 60, kafin haya, kafin abinci, kafin kuɗin lafiya na biza da gwamnatin Birtaniya ta ɗaga zuwa fam 776 a shekara a watan Fabrairun shekarar. Ya ce zai nemi tallafi bayan ya isa. Na sha jin wannan magana. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da 'yan kai ta haura 1,500, ɗaliban Nijeriya da yawa a Ingila sun ga ajiyar da suka yi lissafin shekara da ita ta ƙare a zango ɗaya. Ita kanta TETFund, wadda malaman jami'o'inmu suka daɗe suna jingina da ita, ta dakatar da tura sababbin mutane karatu waje daga Janairun 2025. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: digirin digirgir a kimiyya aiki ne, kuma aikin da aka ce kai za ka biya kafin ka yi shi, ba a matse da kai ba ne.

Sauran biyun sun zo da kuɗi. Amurkawan sun yafe kuɗin makaranta, sun sa alawus, da sharaɗin zai riƙa koyar da 'yan aji ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje. Tsarinsu shekara biyar ne zuwa shida: darussa tukuna, sai jarrabawar cancanta, sannan bincike gadan-gadan. Sun ba shi har 15 ga Afrilu, ranar da jami'o'in Amurka da yawa suka amince a tsakaninsu cewa ba za a tilasta wa ɗalibi amsa tayin kuɗi kafin ta ba. Jamusawan kuwa kwantiragin aiki suka ba shi na shekara uku, kashi 65 cikin ɗari na albashin ma'aikacin bincike, da inshorar lafiya da fansho, babu kuɗin makaranta.

Amma ba kuɗi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kuɗi kowa zai iya lissafawa. Abin da ba ya fitowa a takarda shi ne mutumin da za ka zauna a ƙarƙashinsa.

Ni jiki magayi ne. Lokacin da na tafi nawa karatun, suna na bi. Farfesan da na zaɓa babba ne, littafin da muka karanta a aji uku ma ya ambaci aikinsa. Na isa na tarar da mu kusan talatin a ƙarƙashinsa. A shekarata ta farko sau huɗu na zauna da shi, ɗaya a ciki ma a tsaye muka yi ta, yana jan akwati zai kama jirgi. Na rubuta babin farko na tura masa a farkon hunturu, amsa ba ta zo ba sai da dusar ƙanƙara ta narke, ita ma layi biyu. Wata takwas na yi ina maimaita wani haɗin sinadari da ya ƙi fitowa, kullum in kai samfur na'urar NMR da tsakar dare, domin lokacin ne layi ke zuwa kaina, in dawo da sakamako iri ɗaya. Daga baya wata 'yar Indiya da ta riga ni zuwa ta leƙa littafin aikina, ta ce ai ruwan narkarwar da nake amfani da shi ba a busar da shi sosai ba, danshi ne ke kashe haɗin. Minti biyar ta yi. Ba mugu ba ne farfesan, ba shi da lokaci ne kawai. A shekara ta uku na koma hannun wata matashiyar malama da babu wanda ya san ta a gida, mai ɗalibai biyar, wadda duk Talata sai ta zauna da kowa da jan biro. A hannunta na gama.

Saboda haka na ba yaron aikin mako guda. Ya buɗe shafin kowane malami, ya nemo sunayen waɗanda suka gama a hannunsa. Shekara nawa suka ɗauka? Sunansu ya fito a farko a maƙalolin da aka buga, ko kullum suna tsakiya? Ina suke yanzu? Google Scholar zai nuna maka rabin wannan kyauta. Sannan ya rubuta wa biyu ko uku daga cikinsu, musamman waɗanda suka riga suka bar wurin, domin wanda kundinsa ke kan teburin malami ba zai faɗi laifinsa ba. Tambaya ɗaya ta isa: da za a mayar da kai baya, za ka sake zaɓar wannan mutumin? Wanda ya ji daɗi zai cika maka shafi. Wanda ya sha wuya zai ce wurin yana da kayan aiki masu kyau, ya yi shiru.

Mu Hausawa muna jin nauyin irin wannan bincike, kamar rashin kunya ne a tambayi halin malami. Alhali in aure za a yi, har unguwar kakanni ake aikawa a tambayo asali. Wannan zaman na shekara huɗu ko biyar ne, kuma wasiƙar shaidar da mutumin zai rubuta maka za ta bi ka shekara ashirin. Shi ma malamin a tambaye shi kai tsaye: tallafin binciken da za a biya ni da shi, yaushe zai ƙare? Kana shirin komawa wata jami'a ko yin ritaya? Malamin kirki ba ya jin haushin wannan.

Ba na cewa suna banza ne. Ƙarya zan yi in na ce takardar babbar jami'a ba ta buɗe ƙofa, musamman a nan gida inda mai ɗaukar aiki tambari yake kallo, ba ya karanta maƙala. In babbar jami'a ta zo da cikakken kuɗi da malami mai lokaci, a tafi da gudu. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Jerin fifikon jami'o'i da ake yaɗawa kowace shekara awon jami'a yake yi gaba ɗayanta, kai kuwa a ɗaki ɗaya za ka rayu, da mutum shida da injin sanyaya samfur mai ƙara.

Akwai kuma maganar dawowa, ga mai niyyar dawowa. Na ga abokan aiki da suka ƙware a kan na'urar da babu irinta a ƙasar nan, suka dawo suka zama masu ba da labarinta a allo. Wanda ya haɗa da lissafin sinadarai ta kwamfuta, ko tace magunguna daga tsirrai, ya fi samun abin ci gaba da shi ranar da wuta ta ɗauke kuma janareton sashe babu mai.

Yaron ya dawo bayan kwana tara. A jami'ar Amurkan, malami ɗaya tak ke aiki a fanninsa, in suka saɓa babu wurin komawa. Ga shi da mata da jaririya, kuma bizar da ake ba iyalin ɗalibi a can ba ta yarda matar ta yi aiki ba. Daga Jamus kuwa tsofaffin ɗalibai biyu sun amsa masa. Ɗaya ya ce malamar da zai zauna a ƙarƙashinta tana da tsanani, tana mayar da rubutu jajawur, amma ba ta taɓa wuce mako da shi ba. Daga Ingila, a cikin uku da ya rubuta wa, ɗaya ya amsa, ya yabi ɗakin karatu.

"Malam, to yaya zan yi da Baba?"

Na ce wannan kam ba a waya ake yin ta ba. Bayan salla muka tafi tare, na gaishe da Alhaji, aka kawo fura, na ɗauki biro na rubuta masa miliyan 60 sau uku a bayan ambulan. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya tambayi ko akwai masallaci a garin na Jamus, aka ce akwai, na Turkawa. Ya ce Allah ya sa albarka.

Yaron yana Jamus yanzu. Kwanakin baya ya turo mini hoton shafin farko na rubutunsa, ja ya fi baƙi yawa. Alhaji kuwa har yau bai iya faɗin sunan garin ba, in an tambaye shi a masallaci cewa yake yi yaron yana Turai.