Sun Iya Kashewa, Ba Su Iya Kunnawa Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku matasan ma'aikata da kuka fara zama a bayan tebur, ku riƙe ranaku uku na shekarar 2021, domin a cikinsu ne za a gane inda hankalin masu mulkinmu yake game da sha'anin sadarwa.

Ran 26 ga Mayu, jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Kaɗan ne suka fita da rai. Ran 4 ga Yuni, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari. Ran 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kwashe ɗalibai da malamai. Waɗansu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka sake ganin iyayensu. Watau kwana biyu sun isa a ɗauki mataki a kan saƙo guda, amma 'ya'yan talakawa sai da suka yi kusan shekara biyu a daji.

Mu 'yan ƙasar Yauri wannan hali ba baƙonmu ba ne. Daga 1964 zuwa 1968 aka gina madatsar ruwa ta Kainji. Aka tashi mutane wajen 44,000 daga gidajensu, ruwa ya cinye tsohuwar Busa, ya haɗiye gungunan da Gungawa suka gada tun kaka da kakanni, da fadamun albasarsu. Aka ce wa iyayenmu hasken zamani ne ya zo. Wutar ta tafi Ikko, ta tafi Kaduna, har Yamai ta ƙetara, alhali ƙauyuka da yawa na bakin tafkin suna kwana da fitilar hannu har gobe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To, abin da aka yi mana da lantarki jiya, shi ake maimaitawa da intanet yau: a can ake yanke shawara, a nan ake ɗaukar kaya.

Za a ce mana, ina ruwan masuncin Shanga da Twitter? Gaskiya ne, ba ya ciki. Amma ruwansa yana ga yadda aka rufe shi. Babu dokar Majalisa, babu umarnin kotu, sanarwar minista kawai. Sa'an nan Antoni-Janar na lokacin, Abubakar Malami, ɗan wannan jiha tamu, ya ba da umarnin a gurfanar da masu ci gaba da amfani da shi. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayi da karɓar labari, sashe na 45 kuwa ya nuna sai ta hanyar doka ake taƙaita wannan 'yanci. Haka aka tafi har 13 ga Janairu 2022, kuma a Yulin shekarar Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa wa doka.

Gemun maƙwabci ya kama wuta, ba mu shafa wa namu ruwa ba. A farkon Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a Jihar Zamfara baki ɗaya. Mako biyu aka ce, sai ga shi a wurare da dama an shafe watanni, har abin ya shafi ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Hannun da ya rufe dandalin 'yan boko shi ne ya kashe wayar manomi.

Ba mu raina hujjar masu wannan mataki ba. Mun sani 'yan bindiga suna kiran masu ba su rahoto ta waya, ta waya kuma suke cinikin kuɗin fansa. Amma ta wayar nan ce ƙauye yake faɗa wa ƙauye cewa an ga babura sun nufo su. Ta nan mai naƙuda take samun mota, ta nan ɗa yake aiko wa tsohuwarsa kuɗin magani. Ɗan bindiga yana da babur da zai kai saƙonsa. Wanda aka bari cikin duhu shi ne wanda za a kai wa hari. An bar jaki ana dukan taiki. Bayan an maido da sabis ɗin, shin an daina satar mutane a Zamfara? Wace hukuma ce ta fito ta gaya wa jama'a ribar da aka ci da hasarar da aka yi?

Haka zancen haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Tun Disamba 2020 aka ce da wannan za a kama masu garkuwa da mutane. A Afrilu 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira. Wanda ke zaune a gungu ya biya kuɗin kwale-kwale da na mota, ya wuni a kan layi a Yelwa don kada a toshe masa waya. Talaka ya cika nasa alkawari. Masu neman fansa kuwa ba su fasa buga waya ba.

Abin takaicin shi ne, dokar da ta ba NCC ƙarfi, watau Dokar Sadarwa ta 2003, ita ce ta kafa asusun USPF domin kai sadarwa ƙauyukan da 'yan kasuwa ba sa ganin riba a cikinsu. Akwai kuma HYPPADEC, hukumar da aka kafa don raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, har da Jihar Kebbi. A Janairu 2025 NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na intanet da kashi 50 cikin 100. Ashe ikon rufewa da na ƙarin kuɗi ba sa ɓata lokaci a hanya. Nauyin kunnawa ne ke tafiyar hawainiya.

Saboda haka muna neman abubuwa uku. Na ɗaya, Majalisar Tarayya ta yi dokar da za ta hana katse sabis ko rufe wani dandali sai da umarnin kotu, a rubuce, da dalili, da ranar ƙarewa, a kuma karanta shi da Hausa a gidajen rediyo. Na biyu, USPF da HYPPADEC su riƙa buga lissafin abin da suka kashe ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, mu ga rabon Yauri da Ngaski da Shanga da idonmu. Na uku, kowace babbar tashar jirgin ruwa a bakin tafkin ta sami sabis mai ƙarfi da wutar da za ta riƙe shi, domin in jirgi ya kife, kira guda yana iya ceton rayuka.

Ku kuma matasan ma'aikata, ku sani irin waɗannan umarni ta hannun ƙananan ma'aikata suke bi. Ranar da takardar ta iso teburinku, ku tambayi mai gidanku cikin ladabi: Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin wace doka? Mu ɗalibai kuwa, mu sa ƙungiyoyinmu su rubuta wa wakilanmu na Majalisa, mu riƙa bin sawun amsa. Mutanen da suka ba da ƙasarsu domin Nijeriya ta ga haske sun riga sun biya kuɗin nasu rabon tun 1968.