House of the Dragon: Haihuwar da ta raba kan ƴan kallo tun daga kashi na farko

Daren Lahadi 21 ga watan Agusta 2022, daidai ƙarfe biyu na daren wayewar Litinin a agogon Nijar, tashar HBO ta Amurka ta saki kashi na farko na shirin House of the Dragon. Mutum kusan miliyan 10 suka kalle shi a Amurka kaɗai a wannan dare, abin da babu wani sabon shiri na tashar da ya taɓa samu. Kwana biyar bayan haka, lokacin da adadin ya haura miliyan 20, HBO ta ba da sanarwar za a yi zango na biyu.

Sai dai da gari ya waye, abin da ya fi ɗaukar hankali a Twitter da Facebook da shafukan jaridu shi ne wata haihuwa ta ƴan mintuna. Dodannin da ke aman wuta da kujerar sarauta ta ƙarfe duk sun koma gefe. Wanda bai kalli kashin ba tukuna ya sani cewa za mu faɗi abin da ya faru a ciki.

Abin da aka nuna

Labarin ya faru ne shekara 172 kafin haihuwar Daenerys, wadda masu kallon Game of Thrones suka sani. Sarki Viserys na gidan Targaryen yana da ƴa ɗaya, Rhaenyra, amma manyan ƙasar ba su taɓa yarda mace ta hau gadon sarauta ba. Shi kansa ya samu sarautar ne saboda majalisar hakimai ta tsallake ƴar'uwarsa Rhaenys don ita mace ce. Saboda haka idonsa na kan cikin matarsa, Sarauniya Aemma.

Tun kafin naƙuda, Aemma ta gaya masa cewa wannan ne na ƙarshe. Ta lissafa masa asara biyar cikin shekara goma: jariri ɗaya ya rasu yana shimfiɗa, biyu sun zo babu rai, ciki biyu ya zube. Da naƙuda ta zo, yaron ya juya ba daidai ba. Likitan fada ya ja sarki gefe, ya ce masa ko dai a sadaukar da ɗaya, ko a rasa duka biyun. Sarki ya zaɓi yaron. Ya koma ya riƙe hannun matarsa yana lallashinta, bai gaya mata abin da aka yanke ba. Ta gane ne lokacin da aka danne ta aka kawo wuƙa. Ta mutu a kan gadon, yaron kuma bai wuce kwana ɗaya ba ya bi ta.

Daraktan kashin, Miguel Sapochnik, ya riƙa haɗa wannan wuri da gasar sukuwa da mashi da sarki ya shirya don murnar magajin da ba a haifa ba. Ana nuna maza na fasa kawunan juna a fili jama'a na shewa, sai a koma ɗaki inda mace ke ihu.

Kashi uku na masu martani

Kashi na farko su ne waɗanda suka ce an wuce gona da iri. Mata da yawa da suka taɓa shan wuyar haihuwa, ko suka rasa jariri, sun rubuta cewa ba su iya ƙarasa kallon ba, kuma ya kamata a sa gargaɗi na musamman kafin kashin ya fara. Wannan ƙorafi yana da tushe a tarihin gidan. An daɗe ana zargin Game of Thrones da mai da wahalar mata kayan jan ƴan kallo. A 2015, bayan kashin da aka yi wa Sansa Stark fyaɗe, har wata sanata ta Amurka, Claire McCaskill, ta fito fili ta ce ta daina kallon shirin. Ga waɗannan masu kallo, sabon shirin ya ɗora ne daga inda tsohon ya tsaya.

Kashi na biyu suka ce akasin haka. A ganinsu wannan ne karon farko da duniyar George R. R. Martin ta ɗauki ciwon mace da muhimmanci irin wanda take bai wa yaƙin maza. Sun yi tambayar da ke da wuyar amsawa: me ya sa kan da aka fasa da gatari a filin gasa bai tayar da hankalin kowa ba, amma jinin haihuwa ya zama abin ƙorafi? Sapochnik kansa ya shaida wa ƴan jarida cewa sun nuna wa mata da yawa wurin kafin a sake shi, kuma amsar da suka samu ita ce bai yi yawa ba.

Kashi na uku su ne masu karatun littafi. An ɗauko shirin ne daga Fire & Blood, wanda Martin ya fitar a 2018, an kuma rubuta shi kamar littafin tarihi. A can mutuwar Aemma ba ta wuce ƴan layuka ba: ta rasu wajen haihuwa, ɗan ya bi ta washegari. Babu wuƙa, babu zaɓin da aka ba sarki. Masu shirin, Ryan Condal da Sapochnik, su suka ƙara wannan. Wasu masu karatu sun ji haushi don an shafa wa Viserys laifin da littafi bai ɗora masa ba. Wasu suka ce ƙarin ne ya ba labarin ma'ana, domin yanzu an fahimci abin da ya sa a ƙarshen kashin ya naɗa Rhaenyra magajiya: nadama ce ke cin sa.

Gani ya kori ji

Wannan shi ne bambancin littafi da allo. Layi ɗaya da ke cewa sarauniya ta rasu wajen haihuwa, mai karatu zai wuce shi kamar yadda muke wuce sanarwar rasuwa a rediyo. Da aka sa wa layin fuska da murya, ta hannun ƴar wasa Sian Brooke, sai ya zama abin da ke hana barci. Masu shirin sun ɗauki abin da marubucin tarihin cikin littafin bai ga ya cancanci tsayawa a kai ba, suka tilasta wa mutum miliyan 10 su tsaya a kai.

Lokacin da kashin ya fito ma ya ƙara wa wutar mai. Ranar 24 ga Yuni 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe da Wade na 1973, ta mayar wa jihohi ikon hana zubar da ciki. An gama ɗaukar shirin kafin wannan hukunci, amma ƴan kallon Amurka sun gan shi wata biyu bayansa, ana tsakiyar muhawara kan wanda ke da ta cewa idan ran uwa da na abin da ke cikinta suka zo kan sikeli. Dole su karanta siyasar ƙasarsu a ciki.

Inda muhawarar ta kauce

Yawancin cacar bakin ta tsaya kan yawan jini. Wani reshe nata kuma ya tsaya kan ko Aemma za ta mutu ko da ba a yanka ta ba. Maganar likitan fada na nuna cewa da wuya ta tsira, kuma masu kare Viserys a nan suka kafa hujja: tunda mutuwa ce ko ta yaya, gara a ceci ɗaya.

To amma ko an yarda da wannan, saura abu guda. Aemma tana cikin hayyacinta, tana magana, tana tambayar abin da ake yi. Maza biyu suka tsaya taku kaɗan daga gadonta suka yanke yadda za ta mutu, babu wanda ya juya ya tambaye ta. Mai yiwuwa da an tambaye ta ta amince, don uwaye da yawa sun yi irin wannan zaɓi. Mai yiwuwa ta ce a bar ta ta yi sallama da ƴarta tukuna. An hana ta wannan ma. Kuma wanda ya hana ta ba azzalumi ba ne a labarin. Viserys mutum ne mai taushin zuciya da ke son matarsa, yana kuka lokacin da yake ba da umarni. Abin da ya sa wurin ke da nauyi ke nan: bai buƙaci mugu ba, al'ada kawai ya buƙata wadda ta saba cewa shawarar jikin mace ta mijinta ce.

A nan ne masu suka da masu yabo suka fi kusa da juna fiye da yadda suke zato. Duka ɓangarorin abu ɗaya ya girgiza su, sun dai sha bamban kan ko ya dace a nuna shi.

Tarihi da ƙirƙira

Masu shirin sun sha kare kansu da cewa haka zamanin da yake. Martin ya faɗa cewa ya ɗauko rikicin gadon ne daga yaƙin basasar Ingila na ƙarni na 12, bayan Sarki Henry na Ɗaya ya rasa ɗansa namiji a hatsarin jirgin ruwa a 1120, ya sa hakimai suka yi wa ƴarsa Matilda mubaya'a, suka kuma juya mata baya da ya mutu. Wannan gaskiya ne. Amma da Sapochnik ya ce a wancan zamani mace mai naƙuda tsira da mutuwa rabi da rabi ne, masana tarihi sun ce ya zuzuta: ƙiyasinsu bai wuce mace ɗaya ko biyu cikin haihuwa ɗari ba. Haɗarin yana taruwa ne saboda yawan haihuwa.

Haka kuma fiɗa don ciro jariri ba kullum take nufin mutuwa ba, ko kafin asibitin zamani. A 1879 wani Bature mai suna Robert Felkin ya ga masu maganin gargajiya a ƙasar da ake kira Yuganda a yau sun yi wa wata mata irin wannan aiki, sun yi amfani da giyar ayaba wajen rage zafi da wanke wurin, uwa da ɗa kuma suka rayu.

Abin da ya shafe mu

Matasan Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai da ke samun shirin a wayoyinsu, da ƴan'uwanmu da ke kallonsa a Faransa ko Amurka, ba sa buƙatar a fassara masu maganar Aemma da ta kwatanta gadon haihuwa da fagen fama. Mu ma mukan ce mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya, ɗaya a lahira. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2012 ya nuna mata 535 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijar, wato kusan ɗaya cikin 190, a lokacin da matsakaicin haihuwar mace ya kai 7.6. A Amurka, inda aka fi tayar da jijiyar wuya kan kashin, adadin ya kusa 24 a 2020, kodayake na mata baƙar fata ya haura 55.

Akwai abu biyu da ya kamata mai kallo a nan ya rarrabe. Na farko, abin da aka yi wa Aemma ba shi ne aikin da ake yi a asibiti a yau ba. Tiyatar haihuwa da allurar kashe zafi da ƙarin jini da maganin kashe ƙwayoyin cuta hanya ce ta ceton uwa da ɗa tare. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ayyana ta kyauta a asibitocin gwamnati, a 2006 aka ƙara da awon ciki da kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar, duk da cewa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha rage wa tsarin ƙarfi. Zai zama babbar asara idan wani ya tashi daga kallon nan da ƙarin tsoron kalmar "za a yi mata aiki".

Na biyu shi ne wanda kashin ya faɗa daidai. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna magana kan jinkiri uku da ke kashe masu naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a gida yake faruwa, kuma sau da yawa yana nufin jiran izinin maigida, wanda wataƙila yana kasuwa, ko yana ci-rani a Legas ko Aljeriya ko Libiya. Wanda ke nesa yana karanta wannan zai iya kawar da wannan jinkiri da kiran waya ɗaya tun kafin watan haihuwa ya kama: ya gaya wa matarsa da mahaifiyarsa cewa in naƙuda ta zo kada a jira shi, ya kuma tambayi ita mai cikin abin da take so a yi idan abu ya rikice.

Abin da HBO ta samu

Ta fuskar kasuwa, rigimar ba ta cutar da shirin ba. Kashi na biyu ya samu masu kallo miliyan 10.2 a darensa na farko, sama da na farkon. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tashar da ta rufe Game of Thrones a watan Mayun 2019 cikin tsinuwar masoyansa, har sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon ƙarshe. Mutanen da suka rantse sun gama da wannan duniya sun dawo, sun kuma samu abin yin gardama a kai tun daren farko.

A 2022, masu shirin sun ce akwai sauran haihuwa a cikin kashi goma na zangon farko. A nan za a gane ko ɓangaren farko ne ke da gaskiya ko na biyu. Idan matan da ke gaba suka samu bakin magana kan abin da ake yi da jikinsu, mutuwar Aemma ta zama tushen labari. Idan kuwa aka ci gaba da kashe su don a motsa zuciyar mazansu, to zargin da aka yi wa Game of Thrones a 2015 yana nan daram.